Tsohon da Ba Shi da Kowa

Ranar Laraba da hantsi madatsar ruwa ta ɓalle. Ruwa ya shiga unguwar ta gabas, ya fita ta yamma da matar wani tsoho.

Shi yana can ofishin fansho, a kan layin tantancewa, yana jiran ya nuna wa wani ma'aikaci cewa har yanzu da ransa. Layin ne ya hana shi komawa gida da wuri. Duk shekarun da ya yi yana yi wa gwamnati aiki a ɗakin karatu na jiha, wannan ne karon farko da ta yi masa wani amfani, shi ma ba da niyya ba.

Ƙamus ake ce masa a unguwa, kuma ba yabo ba ne. Mutum ne da in ka gaishe shi sai ya gyara maka gaisuwar. Matarsa kaɗai ta iya da shi. In ya ɗauko dogon bayani sai ta ce, "To, a rufe littafin haka, abinci zai huce," kuma ya rufe. Da ta tafi, babu sauran mai rufe shi.

'Ya ɗaya suka haifa, ungozoma ce a asibitin gari. Ita ta zo ta ɗauke shi daga makarantar firamaren da aka tara mutanen unguwa, tun kafin ya san taurin bencin aji. Gidanta ɗaki biyu ne da falo. Aka kwashe yara daga ɗakinsu aka shimfiɗa musu katifa a falo, shi aka ba shi gadonsu, wanda in ya miƙe sai ƙafafunsa su leƙo waje. Mutumin da ya karance tashin dauloli da faɗuwarsu ya koma kwana a ƙarƙashin hoton agwagwa mai hula.

Mijin 'yar tasa mai sayar da kayan gyaran mota ne, mutumin kirki, irin kirkin da ba ya barin mutum ya huta. "Baba, gidanka ne! Baba, ƙara nama! Baba, in juyo maka fanka?" Kullum da safe sai ya tsaya a tsakar gida ya yi shela: "Baba zai shiga bayi, kowa ya dakata!" Sai yara su jeru a jikin bango da burushi a baki, suna kallonsa har ya shige. Ba wanda ya taɓa gaya masa magana marar daɗi a gidan. Da an gaya masa, da ya samu abin riƙewa.

Abin da aka tsamo daga gidansa bai wuce buhun littattafai guda ba. Sun kumbura, shafukan sun manne, fumfuna ta yi musu gashi. Ya jera su a ƙarƙashin gado. Ba a jima ba jaririyar gidan ta fara tari. Wata safiya ya dawo daga bayi ya durƙusa ya leƙa, ya ga wayam.

"Ina littattafaina?"

'Yar tasa tana ɗaura igiyar takalmin aiki, ba ta ɗago ba. "Suna rumfar janareta, Baba. Na ɗora su a kan katako, ruwa ba zai taɓa su ba."

"Ruwa ai ya gama nasa. Saura naki."

"Baba, yarinyar nan ba ta barci. Likita ya ce fumfuna ce."

"To ni ma a ɗora ni a kan katakon mana. Ina jin ni ma na fara wari."

"Ni dai na makara. Maganinka yana kan tebur."

Bai sha maganin ba, don ya huce haushi a kan wanda bai san ana yi ba. Ya saka hula ya nufi makarantar firamaren, kamar yadda ya saba kullum in gida ya ishe shi. Can ne tsofaffin maƙwabtansa suke, kowane aji da iyalai a ciki, an raba tsakani da zannuwa. Yakan zauna a baranda shi kaɗai, ba ya magana da kowa, amma dai a can ba wanda zai juyo masa da fanka.

Ranar ce kwamitin majalisar dokokin jiha ya kawo ziyara. Motoci masu baƙin gilashi suka cika filin ƙwallo. Shugaban kwamitin ɗan majalisa ne mai matsakaicin shekaru, yana son a taimaki talaka da gaske, musamman in akwai mai ɗaukar hoto a kusa. Ya zaga azuzuwa, mata suka yi masa kuka iri ɗaya, maza suka yi masa roƙo iri ɗaya. Yana hanyar komawa mota ya hangi tsoho a baranda, shi kaɗai, da tabarau. Ya zo ya tsuguna a gabansa, mai kyamara ya tsuguna a bayansa.

"Sannu, Baba. Me ruwa ya yi maka?"

"Ya ɗauki matata, ya ɗauki gidana, ya jiƙa littattafaina. Ni kuma ya dube ni ya ga ko shi ba ni da amfani a wurinsa, ya bar ni."

Shugaban ya waiwaya ya dubi mai kyamara, mai kyamara ya gyaɗa kai.

"Yanzu wa kake da shi, Baba?"

Fushin safe bai bar tsohon ba. Ga shi kuma jimla mai kyau tana son ƙarshe mai kyau, duk wanda ya yi karatu ya san haka.

"Ba ni da kowa," in ji shi.

Maƙwabta suna tsaye suna ji. Wata tsohuwa mai wanki, wadda ita da gaske ba ta da kowa, ta dube shi ta gefen ido. Amma ba a ƙaryata mutum a gaban baƙin da suka zo da buhunan shinkafa. Shugaban ya ce da mai kyamara ya adana wannan hoton, kada ya sake shi, yana da ranarsa.

Bayan wasu kwanaki sakatariyar kwamitin ta zo nemansa a barandar. Mace ce mai saurin magana da waya biyu a hannu. Ta ce majalisa tana duba wani sabon ƙudurin doka a kan agajin gaggawa da walwalar jama'a. A ciki akwai sashen da ya ce duk tsohon da bala'i ya raba da muhallinsa, kuma ba shi da mai kula da shi, gwamnati za ta ba shi ɗaki. Wasu 'yan majalisa sun dage sai an cire sashen, wai ai babu tsohon da ba shi da kowa. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kuma shugaba yana so su ga irin wannan tsohon da idonsu.

"Kai ne hujjarmu, Baba. Kuma shugaba ba ya aikin baki. Ya riga ya sama maka ɗaki a gidan tsofaffin da aka gyara, ba sai an jira doka ba. Ɗaki kai kaɗai, da taga, da kanta ta ajiye kaya."

Nan ne wurin da ya kamata ya ce mata an yi kuskure. Ya buɗe baki da wannan niyyar.

"Ƙofar tana da makulli?" in ji shi.

"Tana da shi."

A hanyar gida ya shirya yadda zai wanke kansa. Zai je majalisar, ya miƙe ya ce: ranku ya daɗe, ina da 'ya, kuma 'yar kirki. Amma dokarku ta yi kuskure da ta ɗauka marar kowa ne kaɗai ke bukatar ɗaki. Tsohon da ke da 'ya'ya shi ma yana son ƙofar da zai rufe, kuma su ma 'ya'yan suna son gadonsu. Magana ce mai ma'ana. Ya yi ta juya ta a kai yana goge ta, yana cire kalma yana saka wata, har ya fara ganin ƙaryar da ya yi kamar dabara ce da ya shirya tun farko.

A gida cewa kawai ya yi an gayyace shi majalisa ya yi magana a madadin waɗanda ruwa ya shafa.

"Baba a majalisa!" in ji surukin nasa, har da tafi. "Baba, in an ba ka kwamishina kada ka manta da masu sayar da birki."

Fuskar 'yar tasa ta saki, abin da bai gani ba tun ranar ruwa. Ta fito da kayansa masu kyau, waɗanda ita ta ɗinka masa bayan ya rasa nasa, ta wanke, ta tsaya a kansu da dutsen guga har karin hannun riga ya yi kaifi.

"Ba sai kin zo ba, Uwata," in ji shi. Haka yake kiranta tun tana goye.

"Haba Baba. Na riga na yi musanyar aiki da wata. Da Mama tana nan ita za ta je. Ni zan zauna mata."

Zai iya dagewa. Sai ya tuna da jawabinsa, ya ga ma gara ta ji yabonta da kunnenta.

Ɗakin zaman yana da sanyin da ke shiga ƙashi, da kafet mai cinye ƙarar takalmi. 'Yan majalisa suna zaune a bayan dogon tebur mai lanƙwasa, kowa da robar ruwa da makirfo a gabansa. 'Yan kallo suna sama, a bayan wani ƙarfe. Sakatariya ta tare shi a ƙofar gefe, ta dube shi daga hula har takalmi, ta ɗan ɓata fuska.

"Baba, wa ya goge maka kaya haka?"

"Wata ce."

"Allah ya saka mata, amma ta cika aiki. Cire agogon dai, ka sa a aljihu."

"Yaushe zan yi jawabina?"

"Wane jawabi? Jawabi na ƙungiyoyi ne da masana. Kai shaida ne. Za a tambaye ka, ka amsa. In ka ga jar wuta a makirfo, naka ne. In ta mutu, ka yi shiru, akawu ne ke riƙe da ita."

Aka zaunar da shi a wata kujera shi kaɗai a tsakiyar fili, kamar abin da za a yi gwanjonsa. Masana suka yi magana, aka yi ta hamma. Wani injiniya ya bayyana cewa madatsar ba ta da laifi, ruwan ne ya yi yawa. Daga nan shugaban kwamiti ya gyara murya ya ce yana da abin da zai nuna wa abokan aikinsa. Aka rage fitilu, babban allon bango ya kama.

Tsohon bai taɓa ganin fuskarsa da wannan girman ba. Kowane rami na kumatunsa ya kai faranti. Ya ji muryarsa tana fitowa daga kusurwoyin ɗakin, tana faɗin maganar ruwa da mata da littattafai, kuma ya lura, don hali ba ya barin mutum ko a irin wannan wuri, cewa jimlar ta yi kyau. Sai tambayar ta zo, sai amsar. Lasifikar majalisa mai tsada ce, ba ta haɗiye ko harafi ɗaya ba.

Ya ce wa kansa ba zai ɗaga kai ba, sai ya ɗaga. 'Yarsa tana zaune daf da ƙarfen, jakarta a kan cinya, ta ɗaga waya tana ɗaukarsa. Yana kallo ta sauke wayar a hankali, kamar mai gudun kada ta fashe, ta kife ta a kan jakar.

Wani ɗan majalisa mai furfura da zobba ya ja makirfonsa.

"Ranka ya daɗe shugaba, hoto ya yi kyau, a gaishe da mai kyamara. Amma ni na ce wannan sashe zagi ne ga mutanenmu. A ina aka taɓa ganin tsoho ba shi da kowa? In ka ga tsoho a yashe, to 'ya'yan banza ya haifa, kuma maganin 'ya'yan banza bulala ce, ba baitulmali ba. A nemo su a kunyata su a gaban jama'a. Bari in tambaye shi da kaina." Ya juyo. "Baba, tsakaninka da Allah. Ba ka da ɗa? Ba ka da 'ya? Ko guda?"

Jar wuta ta kama a gaban tsohon.

In ya ce yana da ita, ya zama maƙaryaci a gaban jiha guda. Kyamarori za su juya sama su nemo ta, kuma an riga an raɗa mata suna tun kafin a gan ta. Sashen zai faɗi, tsohuwa mai wanki da ire-irenta su rasa. Duk waɗannan dalilai gaskiya ne, kuma daga baya ya jera su ya sake jerawa, kamar mai gyaran kanta. Amma a lokacin ba su yake kallo ba. Shugaban kwamiti ya riga ya ajiye makulli a kan tebur, kusa da robar ruwansa, da jan zare a ɗaure.

"Babu," in ji shi.

"Ɗaga murya, Baba, ba mu ji ba."

"Babu."

Wutar ta mutu. Aka yi tafi, har da 'yan kallo. Shugaban ya zagayo da kansa ya sa masa makullin a tafin hannu, ya riƙe hannun bai saki ba sai da masu hoto suka gamsu. Wata 'yar majalisa ta share ido da gefen mayafi. Mai furfura ya ɗaga kafaɗa ya buɗe robar ruwansa.

Tsohon bai samu 'yarsa a ƙofar majalisa ba. Can ya hango ta a tashar mota, tsallaken titi, a ƙarƙashin wata bishiya. Ya tsallaka yana shirya kalmomi, su kuma suna watsewa.

"Ka sha maganin rana?" in ji ta.

"Uwata..."

"Matsa can kaɗan, Baba. Masu hoto ba su gama tafiya ba."

Ya matsa. Suka tsaya kamar baƙi biyu masu jiran mota ɗaya. Da motar ta zo ta shiga gaba, shi ya shiga baya, ta biya wa su biyun ba tare da ta waiwayo ba.

Da yamma aka nuna shi a labarai. Babbar jikarsa ta yi tsalle, "Ga Kaka! Ga Kaka!" Uban ya kai hannu zai kashe talabijin ɗin, amma bai kai da wuri ba. 

"Kaka ya manta da mu ne?" in ji yarinyar.

"Wasan kwaikwayo ne," in ji uban. "Kakanku ɗan fim ne yanzu. Ku tashi ku wanke hannu." Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta tsaya a rabi. Wayarsa ta fara ƙara, ya duba ya ga mahaifiyarsa ce, ya fita waje da ita. Tun daga ranar bai sake yin shelar bayi ba.

Washegari da safe tsohon ya tarar da 'yarsa a ɗakin yara tana ninke masa kaya a jaka. Ta ware magungunansa kashi-kashi, na safe daban, na rana daban.

"Uwata, ki saurare ni."

"Yau dai kada ka kira ni haka."

"Ba abin da na je faɗa ke nan ba. Na shirya magana, ba su ba ni dama ba."

"Sun ba ka. Sau biyu ma, ina zaune." Ta danna riga cikin jakar. "Da ka ce min ɗaki kake so, da mun san yadda muka yi. Da an toshe baranda da bulo. Mutumin nan da kake ganin ya cika surutu, tun watan jiya yake tambayar farashin siminti, ya ce kada in gaya maka sai an gama."

Ta ɗauko wata riga ta ninke.

"Ni na shiga ɗakin ajiye gawa, Baba. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga zane har na gane Mama, don kada kai ka ga yadda ruwa ya mai da ita. Ban taɓa gaya maka ba. Yanzu ma ba don ka gode min na faɗa ba."

"Zan koma in gaya musu gaskiya."

"Ka gaya musu me? Su karɓe ɗakin, su sa ka a rediyo ana dariya? Sannan ka dawo nan kana kallona kamar ni na ɓalle madatsar?" Ta ja zif ɗin jakar. "A'a. Ka samu abin da kake so. Ka riƙe shi da kyau, ya yi tsada."

Mutanen da suka san su ba su kai ƙara ko'ina ba. A gaban hukuma kowa ya kama bakinsa, a bayan ido kuwa aka sake shi. Wasu suka ce tsohon ya iya wayo. Mafi yawa suka ce banza ba ta sa uba ya faɗi haka a gaban duniya, akwai dai abin da ta yi masa. A asibiti, in ta shiga ɗakin hutu sai hira ta koma kan tsadar man fetur.

Ɗakin kuwa ba a yi masa ƙarya ba. Akwai taga, tana kallon wata bishiyar da ba ta 'ya'ya. Akwai kanta. Gadon ya ɗauke shi har ƙafa. Ranar farko ya rufe ƙofa ya murɗa makulli ya zauna a bakin gado. Ya samu shirun da yake nema, sai ya tarar an ba shi fiye da yadda ya roƙa.

Shugabar gidan mace ce mai ƙiba da fara'a da dokoki. Tun a ranar ta gaya masa babbar dokar: wurin na marasa kowa ne, masu jira suna da yawa, duk wanda aka gano yana da dangi sai a mai da shi wurinsu. Ta faɗa tana dariya, don ta san shi ba ruwansa da wannan, ai a talabijin ta gan shi.

Bai zaci 'yar tasa za ta zo ba. A ranar hutunta ta farko sai ga ta a bakin ƙofar gidan da kwanon abinci a leda. Yana zaune a baranda, yana jin komai.

"Wurin wa kika zo?" in ji shugabar.

"Wurin Baban can mai tabarau."

"Ke wace ce tasa?"

"Maƙwabciyarsa ce, tun kafin ruwa."

"Kai, Allah ya yi miki albarka! Kin ga irinku ake nema. Baba, ga baƙuwarka! Da Allah ya ba ka 'ya irin wannan ai da ba mu gan ka a nan ba."

"Haka ne," in ji 'yar tasa. "Ina wuni, Baba?"

Baba ta ci gaba da ce masa, amma irin wanda ake ce wa kowane tsoho a bakin hanya. Takan zauna a kujerar baƙi, ta duba magungunan, ta auna masa jini, ta tambaye shi ko ana ba su ruwan zafi. Yakan tambaye ta yara, a hankali, yana duban ƙofa. Takan ce lafiyarsu ƙalau, tarin ma ya tafi. Ba ta taɓa kawo su ba. Yara ba su iya riƙe irin wannan magana ba, za su shigo da gudu suna kiran Kaka.

Ƙudurin dokar ya tsallake karatu na biyu, aka miƙa shi ga wani kwamitin, wanda ya miƙa shi ga ƙaramin kwamiti. Aka rage sashen tsofaffi, aka ƙara sashen sayen motocin sa ido. Daga nan majalisa ta tafi hutu. Da aka koma makaranta aka tashi mutanen da ke azuzuwa, kowa ya kama gabansa. Ya tambayi 'yar tasa labarin tsohuwa mai wanki, ta ce ba wanda ya san inda ta nufa.

Ya yanke shawarar zai gaya wa shugabar gidan. Ba wai bai yanke ba. Sau da yawa ya kai har ƙofar ofishinta, sai ya tarar tana waya, ko tana da baƙi, ko kuma ya ga maganar ba ta gama tsaruwa ba. Yana so ta fito yadda za ta wanke 'yar ba tare da ta kashe uban ba, kuma duk karatunsa bai taɓa cin karo da irin wannan jimlar ba. Sai ya tambaye ta ko an samu jaridar yau, ya juyo.

Wata safiya mai shara ta same shi a ƙasa, tsakanin gado da bango. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakin ya karkace. Idonsa biyu, yana jin komai. Aka ɗora shi a gado, aka kira ma'aikaciyar jinyar gidan. Ta duba idonsa, ta ɗaga hannun ta saki ya faɗi, ta dubi shugabar ta girgiza kai.

"A nemo mota. Amma ban ga alamar zai kai ba. Akwai wanda za a kira?"

"Wa? Ba shi da kowa, bawan Allah. Ai shi ne na talabijin."

"Matar nan mai kawo masa abinci fa?"

"Maƙwabciya ce. Ko lambarta ban karɓa ba. Ta yi iya nata, in ta zo ranar hutunta ma gaya mata."

Ya tattara abin da ya rage masa ya tura wa harshensa. Wani gurnani ya fito, yawu ya biyo baya. Shugabar ta sunkuyo ta goge masa baki da gefen zanen gado.

"Yi shiru, Baba, kada ka wahalar da kanka. Muna nan. Mu ne naka."

A karon farko a rayuwarsa maganar gajeriya ce, babu abin cirewa, babu abin gogewa. Tana nan a shirye a bayan haƙoransa har aka ji ƙarar motar a waje.

Ina da 'ya. Ku kira min ita.